Rahoton Power BI mai layi miliyan 38 yana cinye RAM, ta ina zan fara rage shi?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda hannunsu ya faɗa da Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahotanni daga bayanai.

Rahoton cinikin wani kamfanin rarraba kaya ne mai rassa 14. Bayanan na shekara uku ne, daga Janairun 2022 zuwa Disambar 2024, suna zuwa a fayilolin CSV, ɗaya duk wata, 36 ke nan, duk a folda guda. In aka haɗe su, layuka sun kusa miliyan 38, ginshiƙai 27. Sunayen kwastomomi kusan 9,000 da jerin kayayyaki 6,200 suna cikin wani fayil na Excel daban, na manna su a jikin babban teburin da Merge a Power Query, sashen Power BI da ke shigo da bayanai yana gyara su. Kwamfutar laftof ce mai RAM 16 GB.

Abin da ke faruwa: in na danna Refresh don sabunta bayanan, sai RAM ya haye sama da kashi 95, fanka ta yi ta kuka kusan awa guda, wani lokaci ya kammala, wani lokaci ya ce memori bai isa ba ya tsaya. Ranar da ya yi sa'a ya kammala, fayil ɗin ya kai 1.6 GB, lasisin Pro kuma ya ƙi karɓarsa a intanet. Sannan akwai shafi ɗaya mai zanen tebur irin na Matrix, kwastoma a gefe, kaya a ƙarƙashinsa, watanni a sama; wannan ko buɗewa ba ya yi, sai ya yi ta juyi ya ce zanen ya wuce abin da aka ware masa.

Na fara tambayar farashin RAM 32 GB. Shi ne mafita, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Baban Ummi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar hannunka a aljihu tukuna. Abubuwa ukun nan ba ciwo ɗaya ba ne, kowanne da inda yake fitowa.

Ka buɗe Task Manager, shafin Details, ka jera su bisa cin memori, sannan ka danna Refresh ka zuba ido. In waɗanda sunansu ya fara da Microsoft.Mashup.Container ne suka kumbura, Power Query ne ke wahala wajen karanta bayanan da gyara su. In msmdsrv.exe ne, to injin da ke riƙe da bayanan ne da kansa ya cika. Na Matrix kuwa lissafin DAX ne, wato harshen rubuta lissafi a Power BI, wani zance ne daban. Ni zan tsaya kan na biyu, domin shi ne ya hana ka sauka ƙasa da 1 GB da Pro ke karɓa.

Injin da ke ciki, VertiPaq, ba layi-layi yake ajiya kamar Excel ba. Kowane ginshiƙi yake ɗauka shi kaɗai, ya rubuta wa kansa ƙamus na duk ƙimomin da ke cikinsa, kowace sau ɗaya, ya ba ta lamba, sannan ya ajiye lambobin kawai. Inda lamba ɗaya ta yi ta maimaituwa a jere, ba ya ma rubuta ta sau dubu. Cewa yake yi lamba kaza, sau dubu. Saboda haka ginshiƙin reshe mai sunaye 14, ko layukan sun kai miliyan 38, ba wani abu yake ci ba. Wanda ke kashe ka shi ne ginshiƙin da kusan kowane layi yake da ƙimar da ba ta kowa ba. Yawan layi ba shi ne nauyin ba, yawan ƙimomi mabambanta shi ne.

Kada ka yi ta yanka da ka. Ka sauke DAX Studio, kyauta ne, ka haɗa shi da fayil ɗin yana buɗe, ka je Advanced ka danna View Metrics. A shafin Columns ka jera su daga mafi nauyi. Wurare uku za ka duba: Cardinality, wato yawan ƙimomi mabambanta, Dictionary, girman ƙamus ɗin, da kuma kason da ginshiƙin ya cinye cikin ɗari na duk fayil ɗin. Galibi ginshiƙi uku ko huɗu ne suke riƙe da fiye da rabin nauyin. Tun ban gani ba, zan iya yi maka hasashen su.

Na farko lambar shaidar kowane layi da manhajar ciniki ke fitarwa. In irin doguwar nan ce mai haruffa 36 da ƙananan sanduna a tsakani, yi lissafi da kanka: 36 sau miliyan 38 ya haura bayit biliyan 1.3, kafin a zo maganar komai. Ba ta matsuwa yadda ake so tunda babu guda biyu iri ɗaya. Babu manajan da zai taɓa tace rahoto da ita. Cire ta.

Na biyu ginshiƙin da ya haɗa kwanan wata da lokaci har da daƙiƙa. Shekarunka uku kwana 1,096 ne, kowace rana daƙiƙa 86,400, wato ginshiƙin yana da damar ɗaukar ƙimomi sama da miliyan 94. Raba shi biyu a Power Query: kwanan wata shi kaɗai, ƙima 1,096, lokaci shi kaɗai, bai wuce 86,400 ba. Ka kuma tambayi masu rahoton ko daƙiƙa na yi musu wani amfani. In minti ya isa, 1,440 ne. In abin da suke so su san ƙarfe nawa kasuwa ta fi ci, awa 24 kacal. Kada ka bar na asalin a ciki bayan ka raba, mutane da yawa suna mantawa da shi a ɓoye. Ɓoye ginshiƙi ba ya rage ko bayit ɗaya, sai an cire shi daga Power Query.

Na uku jimlar kuɗin layi. Adadin kaya bai wuce 'yan ɗaruruwan ƙimomi ba, farashi 'yan dubbai, amma in ka ninka su sai ka sami dubban ɗaruruwa. In jimlar adadi sau farashi ce tsantsa, cire ta ka rubuta ma'auni (measure), wato lissafin da ake yi lokacin nuna rahoto:

Jimla = SUMX(Ciniki, Ciniki[Adadi] * Ciniki[Farashi])

Irin wannan ninkin mai sauƙi injin yana yin sa da sauri. Sai dai ka gwada a wata ɗaya ka ga ta yi daidai da littafin akanta, domin in akwai rangwame da ake yi wa wasu kwastomomi a baki, jimlar ba za ta zo ɗaya ba, kuma dole ka riƙe ginshiƙin rangwamen.

Duk ginshiƙin kuɗi ka mayar da shi Fixed decimal number, kuma ka taƙaita shi zuwa gurbi biyu na kwabo a Power Query. In ka bar shi Decimal number, abin da kake gani 1,250.00 a ciki yana iya zama 1249.99999987, kowanne da wutsiyarsa, ƙamus ya yi ta kumbura a banza. Sauya yadda lamba ke bayyana a rahoto ba ya taɓa abin da ke ajiye, ka lura da wannan.

Sai abin da ba ya fitowa a idonka. Ka je File, Options and settings, Options, Data Load na fayil ɗin da kake ciki, ka duba Auto date/time. In a kunne yake, Power BI yana gina ɓoyayyen teburin kalanda ga kowane ginshiƙin kwanan wata, daga farkon shekara mafi ƙanƙanta zuwa ƙarshen mafi girma da ya gani a ciki. Yawancin manhajojin kasuwanci in ba su da ranar ƙarewar abu sai su cusa 31/12/9999. Layi ɗaya tak mai wannan ranar ya isa ya sa a gina maka kalanda daga 2022 zuwa 9999, kusan layi miliyan 2.9. A DAX Studio za ka gan su da suna LocalDateTable. Kashe shi, ka gina kalanda ɗaya da hannunka mai kwana 1,096, ka yi mata Mark as date table. Ka sani duk zanen da ka ɗora kan tsohon tsarin shekara-wata-rana zai karye, sai ka sake jawo masa ginshiƙai daga sabuwar kalandar.

Ka yi waɗannan ka dawo mana da abin da View Metrics ya nuna.

Maman Sadiq

Malam Baban Ummi ya gama da ɓangaren ajiya. Ni awa gudan nan da fanka ke kuka ce ta dame ni, kuma ina kyautata zaton Merge ɗinka ne.

Matakan Power Query iri biyu ne. Akwai waɗanda bayanai ke bi ta cikinsu su wuce kamar ruwa a famfo: tace layi, cire ginshiƙi, sauya nau'i, raba rubutu. Akwai kuma waɗanda sai sun tara abu a hannu kafin su saki sakamako: Sort, Group By, Pivot, Remove Duplicates da Merge. Ba za ka san wane layi ne na farko a jeri ba sai ka ga na ƙarshe. In tushen bayananka rumbun bayanai ne irin SQL Server, Power Query yana tura masa wannan aikin ya yi a can. CSV ba shi da wanda za a tura wa, duk nauyin a kan laftof ɗinka yake sauka.

Don haka cire Merge ɗin gaba ɗaya. Ka loda kwastomomi teburinsu daban, kayayyaki nasu daban, babban tebur ya riƙe lambar kwastoma da lambar kaya kawai, ka ja alaƙa a Model view, ɗaya zuwa da yawa, tacewa ta fuska ɗaya. Sakamako iri ɗaya ne a rahoto, ba tare da an bi layi miliyan 38 ana neman sunan kowa ba. Ka tabbatar nau'in lambobin ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma ka yi Trim, domin "K0412" da wanda ke da sarari a ƙarshensa ba abu ɗaya ba ne a wurin Power Query.

Wurin da ka yi yankan ma yana da muhimmanci. Lokacin da ka haɗa folda, Power Query ya ƙirƙiro maka wata tambaya (query, wato jerin matakan ɗauko bayanai) mai suna Transform Sample File. A can za ka cire ginshiƙan da ba ka so, domin duk abin da ka yi a nan ana yi wa kowane fayil ne kafin a haɗe su. Ka yi amfani da Remove Other Columns, wato ka zaɓi waɗanda kake so ka zubar da saura. In wata rana manhajar ciniki ta ƙaro sabon ginshiƙi ba zai shigo maka ba sallama. Wajen sauya kwanan wata ka bi ta Using Locale ka zaɓi tsarin Ingila, rana kafin wata, in haka fayilolinka suke. In kwamfutar na kan tsarin Amurka, 13/02/2023 kuskure zai ba ka, 05/02/2023 kuwa zai karɓa shiru ya mayar da shi watan Mayu, wanda ya fi muni.

In ka ga Table.Buffer a cikin lambobinka, wataƙila wani ya ba ka shi a matsayin maganin jinkiri, cire shi daga kan babban teburin. Aikinsa ya ɗauki tebur kacokan ya zuba a memori. A kan jerin rassa 14 yana da amfani. A kan ciniki, kai ka kira matsalar da bakinka.

Wani abin da ke ruɗar mutane: Reference ba ajiya ba ce. In ka gina tambayoyi huɗu da suke dogara da tambayar cinikin, kowacce tana iya komawa ta karanta fayilolin 36 daga farko, kuma a lokaci guda suke yi. Duk tebur na taƙaitawa da ka gina ta wannan hanyar, duba ko ma'aunin DAX zai maye gurbinsa. Tambayoyin da matakala ce kawai zuwa wata, danna dama ka cire alamar Enable load don kada su zauna a cikin fayil.

Sannan saiti. A Options, Data Load na gama-gari, akwai wuri biyu: yawan ayyukan da ke gudana lokaci guda, da memorin da aka yarje wa kowanne. Na biyun a kan 432 MB yake zuwa. Aikin da ya wuce haka ba tsayawa yake yi ba, komawa yake yi yana rubutu da karatu a faifai, shi ya sa kake ganin abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da RAM 16 GB, rage na farkon zuwa 2 ko 3, ka ɗaga na biyun zuwa 2,048. Ninka su ka gani: uku sau 2 GB shida ke nan, ka bar wa Windows da injin ajiyar sauran. Kada ka ɗaga memorin ka bar yawan ayyukan a takwas, za ka fi da shan wahala. A saitin fayil ɗin kuma ka kashe izinin sauke samfurin bayanai a bayan fage, in ba haka ba kana gyaran tambaya ɗaya sauran suna can suna karatu.

Na-Katsina

Ni dai a ganina ya ƙara RAM ɗin ya huta, 16 GB ya yi kaɗan ga wannan aikin. Kuma sunan kwastoma da ake maimaitawa sau miliyoyi ai shi ne ya cika fayil ɗin, da ya raba teburan an gama.

Baban Ummi

Malam Na-Katsina, raba teburan daidai ne, amma ba don wannan dalilin ba. Sunaye 9,000 sau ɗaya aka rubuta su a ƙamus, abin da ke maimaituwa ƙaramar lamba ce. Ribar rabawar ita ce kawar da Merge, da rage yawan ginshiƙan babban tebur: injin yana neman tsarin jera layukan da zai sa ƙimomi iri ɗaya su zo kusa da juna, kuma ginshiƙi goma sun fi 27 sauƙin jeruwa. Amma in ya raba ya bar lambar layi da daƙiƙoƙi, fayil ɗin zai zauna kusan inda yake.

RAM kuwa zai sa Refresh ya daina mutuwa a laftof, gaskiya ne. Ba zai ɗaga iyakar 1 GB ta Pro ba, kuma ba zai buɗe Matrix ɗin ga wanda ke kallon rahoton a intanet ba, tunda can ba da kwamfutarsa ake lissafin ba.

Ɗan Fagge

Allah ya saka muku da alheri. View Metrics ya nuna lambar layi kashi 41, lokacin sayarwa 22, lambar rasit 14, jimla 6. Akwai LocalDateTable guda biyar, ɗaya mai layi miliyan 2.9 kamar yadda Malam ya faɗa, daga ranar lalacewar kaya. Na cire, na raba, na kawar da Merge. Fayil ya dawo 340 MB, Refresh minti 12.

Saura biyu. Lambar rasit ba zan iya cirewa ba, ana son sanin rasit nawa aka yanka, kuma yanzu ita ce ta fi kowa nauyi. Rubutu ce kamar RCP-004418207. Matrix ɗin kuma har yanzu yana nan yadda yake. Ma'aunin da ke ciki shi ne [Jimla] + 0, don shugabanni ba sa son ganin gurbi fanko. Suna kuma so su riƙa fitar da shi zuwa Excel.

Injiniya Bichi

Ɗan'uwa, ka faɗi ciwon da bakinka: wannan "+ 0" ɗin ne.

Power BI yana jefar da duk layin da ma'auninsa ya dawo fanko, kuma injin ya san haka, don haka haɗuwar kwastoma da kaya da aka yi ciniki a kansu da gaske kawai yake nema. Da ka ƙara sifili, babu sauran fanko. Kwastoman da bai taɓa sayen wani kaya ba yanzu yana da amsa, sifili, dole a lissafa masa. Kwastoma 9,000 sau kaya 6,200, haɗuwa miliyan 55.8. Sau watanni 36, ka haura gurbi biliyan biyu. A tsarin Pro kowace tambayar zane 1 GB aka ware mata, da daƙiƙa 225. Ba za ta kai ko'ina ba. Haka IF da ISBLANK, haka COALESCE da sifili, duk tarko ɗaya ne da kaya daban-daban.

Cire sifilin, ina sa ran shafin ya buɗe. In dole sai an ga sifili, bambanta wurin: a katin da ke nuna lamba ɗaya tak, sa shi, ba ya cutarwa. A Matrix, ka yi ma'aunin da zai ba da sifili kawai in kwastoman ya taɓa sayen wannan kayan a wani watan, sauran a bar su fanko. Ka kuma duba kada Show items with no data ya kasance a kunne a kan kwastoma ko kaya, shi ma hanyar da sifilin ya bi yake bi.

Ko bayan haka, tsarin shafin yana buƙatar gyara. Babu mai karanta kwastoma 9,000 a buɗe. Shafin farko ya tsaya a reshe da rukunin kaya, wanda ke son ganin kwastoma ɗaya ya danna dama ya bi Drill through zuwa shafin da aka riga aka tace da shi. Lissafin da ke taɓa kwastoma ɗaya ba ya jin nauyin komai.

Tunda ka riga ka sauke DAX Studio, ka binciki sauran ma'aunan. A Power BI buɗe Performance analyzer, ka sabunta zanen, ka kwafi tambayarsa, ka manna a DAX Studio, ka kunna Server Timings ka gudanar. Kalli ginshiƙan Rows da KB a jerin da zai fito. Zanen da zai nuna layi 200 amma a tsakiya ka ga an kwaso layi miliyan 30, nan memorin ke zurarewa. Mafi yawan abin da ke jawo haka tace tebur kacokan ne:

CALCULATE([Jimla], FILTER(Ciniki, Ciniki[Adadi] > 50))

Wannan tebur guda ka miƙa a matsayin matata. Ginshiƙi ɗaya kake nufi, to faɗi ginshiƙin:

CALCULATE([Jimla], KEEPFILTERS(Ciniki[Adadi] > 50))

Na biyun 'yan ɗaruruwan ƙimomin adadi kawai yake dubawa. Haka kuma kada ka kira ma'auni a cikin SUMX da ke bin babban tebur layi-layi. Kowane layi sai an mayar da shi matata kafin a lissafa, aiki ne mai tsada ƙwarai. In kana cikin SUMX kan Ciniki, yi amfani da ginshiƙai kai tsaye.

Lambar rasit: yanke RCP- ɗin a Power Query ka mayar da sauran Whole number. Lamba ta fi rubutu sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Kafin ka yanke, tabbatar rassan ba su da haruffan farko daban-daban da lambobi masu karo da juna. In akwai, ninka lambar reshe da biliyan ɗaya ka tara da lambar rasit, kowanne ya fita daban. In kana son kawar da ita ɗungurungum, a sa ginshiƙi mai 1 a layin farko na kowane rasit, 0 a sauran, ka yi SUM maimakon DISTINCTCOUNT. Amma wannan dabarar tana da iyaka: daidai take bisa rana, reshe da kwastoma, tunda rasit ɗaya na rana ɗaya ne da mutum ɗaya. Da an tace da kaya ta yi ƙarya, domin alamar tana kan layin kaya ɗaya ne kawai a rasit ɗin. In ana tambayar rasit nawa ne aka sayi sukari a ciki, dole lambar ta zauna. Kuma kada ka ƙirƙiri alamar da ginshiƙin lissafi na DAX. Irin waɗannan bayan an gama matse tebur ake lissafa su, ba sa samun matsuwa kamar sauran, kuma suna ƙara wa Refresh nauyi.

Batun Excel: fitarwa daga zane tana tsayawa a layi 150,000 in xlsx ne, 30,000 in CSV ne, kuma shafin Excel kansa 1,048,576 yake ɗauka. In jerin dogo suke so su tafi da shi, aikin Power BI Report Builder ne, a haɗa shi da bayanan da ka riga ka ɗora, a tilasta zaɓen reshe da wata kafin ya buɗe.

Maman Sadiq

Ƙari ɗaya, don 340 MB ɗin nan ba zai tsaya a nan ba, kowane wata fiye da layi miliyan ɗaya ke shigowa.

Lokacin Refresh injin ba ya zubar da tsohon kwafi sai sabon ya kammala, don in abu ya lalace a tsakiya kada ka rasa duka. Saboda haka ka riƙa lissafa aƙalla ninki biyu na girman bayanan a memori, kuma girman da ke memori ya fi na fayil ɗin da kake gani a faifai. A Pro kuma Refresh ɗin da ya wuce awa biyu yanke shi ake yi. Babu dalilin sake karanta cinikin 2022 kowace safiya.

Maganin Incremental refresh ne, wato a raba bayanan yanki-yanki bisa lokaci a riƙa sabunta na baya-bayan nan kawai, kuma Pro na da shi. Ka ƙirƙiri ma'ajin ƙima guda biyu a Manage Parameters, RangeStart da RangeEnd, rubutun daidai haka da manyan haruffansu, nau'in Date/Time. Ka tace teburin ciniki da su, sannan a kan teburin ka saita a ajiye shekara uku ko huɗu, a riƙa sabunta wata biyu na ƙarshe. Wata ribar ita ce a laftof za ka sa su kan wata ɗaya kawai, ka yi ta gini da layi miliyan ɗaya. Cikakken tarihin sai a intanet zai loda.

Sai dai da CSV akwai sharaɗi. In layuka ka tace, kowane yanki sai ya buɗe fayiloli 36 ya karanta kafin ya zubar da abin da ba nasa ba, ka ga an koma gidan jiya, har ma ya fi. Tunda fayil ɗaya wata ɗaya ne, ciro watan daga sunan fayil ɗin, misali 2024-03, ka mayar da shi ranar ɗaya ga wata, ka tace jerin fayilolin tun kafin matakin buɗe su. Kada ka dogara da ranar da aka taɓa fayil, wani ya buɗe na bara ya adana sai lissafi ya rikice.

In kamfanin zai yarda, zuba bayanan a rumbu ya fi wannan duka. PostgreSQL kyauta ne. SQL Server Express ma kyauta ne, amma na 2019 da na 2022 a 10 GB suke tsayawa ga kowane rumbu. Da rumbu, danna dama a kan matakin ƙarshe ka ga ko View Native Query na aiki. In yana yi, can ake tacewar. Ko folda ko rumbu, muddin a cikin ofis suke sai an sa gateway, manhajar da ke haɗa bayanan ofis da Power BI na intanet, a kwamfutar da ke kunne lokacin da aka tsara sabuntawar, don haka kada a ɗora shi kan wadda ke mutuwa da an ɗauke wuta. Lodin farko ne mai tsawo, a yi shi lokacin da wuta da intanet suka zauna.

Abu biyu da ke kama mutane. Da zarar ka ɗora fayil mai wannan tsarin, ba za ka iya sake sauke shi daga intanet a matsayin fayil ɗin Power BI (pbix) ba, don haka na hannunka shi ne asali, ka adana shi wuri biyu. Sannan wajen tacewa, alamar daidai (=) gefe ɗaya ake sa ta: ya kai ko ya wuce RangeStart, amma ƙasa da RangeEnd zalla. In ka sa ta a duka biyun, duk abin da ya faɗo daidai kan iyaka zai shiga yanki biyu, kuma tunda kai da ranar ɗaya ga wata kake tace fayiloli, ba layi kaɗan ba ne zai ninku, cinikin wata guda ne cur.